Maganar Kan Tabarma

Mu goma sha tara ne a ƙungiyar Zare da Allura, matan da ke ɗinkin hula a Kuchigoro, kuma duk cikinmu babu wadda ta kai ni baki. Ba yabon kai nake yi ba, ƙorafin da ake yi a kaina ke nan tun ina budurwa a garinmu, can gindin duwatsun Borno. Sunana Iyatu. Mijina Yahuza mai gadi ne a wani ofis a Wuse, muna da 'ya ɗaya a gabanmu, Sumayya. Mutane sun ɗauka mai surutu ba ta iya riƙe magana, to sun yi kuskure. Akwai maganar da na riƙe shekara goma sha ɗaya, mutum ɗaya tak na taɓa gaya wa, ita ce Rakiya.

A sansanin 'yan gudun hijira na Yola na haɗu da Rakiya. Ita an kashe mata miji, ni kuma ina neman hanyar da zan iso wurin nawa a Abuja. Wata biyar muka yi da tukunya ɗaya da zane uku tsakaninmu, sannan mota ɗaya ta kawo mu Kuchigoro. Ta yi boko har aji uku na sakandare, tana jin Turanci, ni kuwa iyakata allo. Ita mai sanyin magana ce, ni mai zafi, shi ya sa in ta tsara abu ni ake turawa in faɗa, in na ɓata kuma ita ake kira ta gyara.

Shekarunmu na farko a nan baƙi ba sa yankewa. Su zo da manyan motoci da kyamara da katan biyu na taliya, a zaunar da mace a gaban ɗakinta na leda, a ce ta ba da labarin yadda ta gudo. In ta faɗa ido a bushe sai a ce ta sake, ta tuna da kyau. Wata rana aka sa Inna Zaituna, tsohuwar da aka kashe wa 'ya'ya uku, ta maimaita labarinta har sau huɗu, wai ƙarar janareta ta shiga cikin na'urar. Da suka tafi ta shige ɗaki, kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. Ranar na zagi mutanen nan zagin da har yau ina neman gafarar Allah a kansa. Rakiya ta bari na gama, sannan ta ce zagi ba zai hana su dawowa ba, mu nemi abin da za mu sayar wanda ba hawaye ba. Yawancinmu mun iya ɗinkin hula tun daga gida. Haka ƙungiyar ta fara, da tabarma biyu a ƙarƙashin wata rumfar kwano.

Wanda bai taɓa ɗinkin hula ba bai san aiki ne mai buɗe baki ba. Idonki yana kan allura, ba kya kallon kowa, kowa ba ya kallonki, kuma hula mai kyau sai ta ci mako uku. Kina cikin ƙirga zare sai kawai ki ji abin da kika binne a ciki yana fitowa da kansa. Tun makon farko muka ji abubuwan da ba a so a ji. Shi ya sa na kafa sharaɗi, kowa ta yarda: abin da aka faɗa a kan tabarma, a kan tabarma yake zama. Ba a kai wa baƙo, ba a kai wa mai saye, ba a kai wa miji, ba a yi wa juna gori da shi ranar faɗa. Kuma an riƙe shi, don na sha ganin mata biyu sun yi cacar baki a kan almakashi har an shiga tsakani, amma babu wadda ta taɓo maganar tabarma.

Ni tawa maganar a shekara ta uku ta fito. Hadari ne ya taso da rana, kowa ta ruga kwashe shanya, aka bar ni da Rakiya a rumfa ruwa yana dukan kwano. Ban shirya ba, sai na ji ina faɗa.

Ranar da mutanen daji suka shigo garinmu Yahuza ba ya nan, ya zo Abuja aikin gini. Ina goye da Sumayya, watanta biyar, ga kuma babban, Manniru, mai shekara huɗu, zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku muka yi a cikin duwatsu, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, har ƙafafuna suka daina jin magana. A rana ta uku muka faɗa wani ɗan ƙauye mai gida biyar ko shida. Kowa ya watse sai wata tsohuwa da ta ce ita babu inda za ta. Ta dube ni, ta dubi yaron, ta ce in bar mata shi, in gari ya lafa na dawo na ɗauka. Ayarin da nake bi sun fara nisa. Na kwantar da shi a kan gadonta na kara, idonsa biyu, yana kallona, na juya na tafi. Ban koma ba. Hanya ta rufe, daga baya wasu suka ce an ƙone ƙauyen, wasu suka ce an kwashe mutanen yankin an tsallaka iyaka da su. Da na iso wurin Yahuza ya tambaye ni ina yaron, sai bakina ya ce zazzaɓi ya ɗauke shi a hanya, mun binne shi. Na ji tsoro ne, tsoron idon da zai dube ni da shi. Tun daga ranar nake cewa gobe zan gaya masa gaskiya.

Rakiya ta yi kuka har ta fi ni. Ta kama hannuna ta ce Allah ne kaɗai zai ji wannan magana bayan ita. Ruwa ya tsaya, mata suka dawo, muka ci gaba da ɗinki.

A shekara ta shida Rakiya, wadda muka zaɓa shugaba, ta ce sai mun yi rajista in muna so a riƙa kiranmu wuraren baje koli. Ta kawo wani dattijo mutumin Zariya, Malam Surajo, tsohon akawu da ke rubuta wa ƙungiyoyi takardunsu. Ya zauna a kan benci da bironsa, ya ce mu faɗi dokokinmu. Muka yi ta zubowa: a zo ƙarfe tara, kada a taɓa zaren wata, mai jego tana da hutun kwana arba'in, kada a zo da gyaɗa a ɓata yadi da mai. Wannan ta ƙarshe don ni aka yi ta, kowa ta sani. Ya rubuta duka, sannan ya cire tabarau ya ce duk waɗannan dokoki ne da za mu iya canjawa gobe da ɗaga hannu, shi yana tambayar ƙa'idarmu ta tushe. Na ce Malam ya yi mana Hausa, mu ba akawu ba ne.

Ya yi dariya ya ce, "Tushe shi ne abin da in an cire shi, ƙungiyar ta zama wata aba dabam ko da sunanta bai canja ba. Sauran dokoki daga jikinsa suke fitowa. In dokoki biyu suka yi karo, shi ake tambaya. Kuma ba a taɓa shi don an shiga matsi, domin saboda ranar matsin aka ajiye shi."

Kafin in buɗe baki Rakiya ta miƙe. Ita da kanta ta faɗa, da muryar nan tata mai sanyi, cewa abin da aka faɗa a kan tabarma a kan tabarma yake zama, muna sayar da aikin hannunmu ne, ba labarin kowa ba. Malam Surajo ya ce madalla, ya sa shi a lamba ta ɗaya, muka dangwala yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na koma gida ranar ina jin kamar an yi mini katanga.

Bara kasuwa ta yi mana wuya. Zare ya yi tsada, dillalan kasuwar Wuse kuma suna karɓar hular mako uku a farashin da ko zaren bai mayar ba. Mata biyu suka bar ɗinki suka koma wankau a gidajen Lugbe. Ana cikin haka Rakiya ta zo da albishir: ta samu wata mai shago a Wuse 2, Hajiya Nabilah, irin shagon nan mai sanyi da manyan mutane da Turawa ke shiga, za ta riƙa karɓar duk abin da muka ɗinka a farashi mai kyau. Aka yi guɗa. Rakiya ta ɗauki hoton kowa da wayarta, ta kawo wata takarda muka dangwala, ta ce na katin shaida ne.

Bayan mako biyu katunan suka iso a cikin kwali. Ƙanana ne masu sheƙi, kowane da hoto a sama da rubutun Turanci a ƙasa, da 'yar huda ta zura zare. Rakiya ta ce za a riƙa ɗaura ɗaya a jikin kowace hula. Na tambaye ta me rubutun ya ce, ta ce sunan mai ɗinki ne da yadda ake wanke hula kada ta lalace. Abin da ya ba mu mamaki, fuskoki uku ne kawai a cikin kwalin, kuma tawa ta fi yawa nesa ba kusa ba. Ta ce Hajiya ce ta zaɓa, wai hotona ya fi fitowa.

Kada ku so ku ga yadda na yi da kai. Wata huɗu ina tsokanar matan nan, ina cewa su ci gaba da wahalar ɗinki, ni fuskata kaɗai ta isa ta sayar da hula. Na ce Yahuza ya yi sa'a ya same ni da wuri, da yanzu sai dai ya bi layi. Aikin ɗaura katin ma ni na ƙwace, ban yarda kowa ta taɓa ba. Da jan zare nake ɗaurawa, in ƙulla sau biyu don kada ya faɗi a hanya. Har hular da ba ni na ɗinka ba, katina nake sa mata, tunda shi ne mai yawa.

Mutum ɗaya ce a cikinmu ban da Rakiya ke karanta Turanci sosai, Patricia, wadda ta koyar a firamare kafin gudu. Duk watannin nan ba ta nan, ta tafi Jos zaman jegon 'yarta. Ranar Talatar da ta dawo ta same ni da kwali a gabana ina ɗauri. Muka gaisa, na miƙa mata kati ɗaya ina cewa ta ga yadda ƙawarta ta zama tauraruwa. Ta ɗauko tabaranta ta sa. Na ga ta karanta, ta koma farko ta sake karantawa, ba ta yi dariyar da nake jira ba. Sai ta ce in raka ta bakin famfo ta wanke ƙafa.

A bakin famfon ta tambaye ni ko na san abin da ke jikin katin. Na ce wankin hula. Sai ta fassara mini a hankali, layi bayan layi. Katin ya ce wannan hula aikin Iyatu ce, matar Yahuza, wadda ta gudo daga Borno da yara biyu. Ya ce a kan hanya ta bar ɗanta Manniru mai shekara huɗu da ransa a hannun wata tsohuwa, ta tsira da jaririya, kuma har yau ba ta san ko yana raye ba. Ya ce kowane zare da ta ja tana tuna shi, kuma duk wanda ya sayi hular nan ya share mata hawaye.

Patricia ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba, Allah ya saka mata. Ta ce kawai, "Baban Sumayya ya sani?" Na girgiza kai.

Rakiya ba ta zo rumfa ba ranar, tana ɗakin da ta kama haya a bakin titi, mai siminti da ƙofar ƙarfe. Na same ta tana tsince shinkafa. Na ajiye katin a cikin farantin, a kan shinkafar. Ta dube shi, ta dube ni, ba ta musa ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai fiye da in ta yi ƙarya. Ta ce in zauna. Na ce a tsaye zan ji.

Ta yi bayani mai tsawo, kuma a tsare, alamar ta daɗe tana shirya shi. Ta ce Hajiya Nabilah ta gaya mata hula tana ko'ina a Abuja, masu kuɗi ba hula suke saye ba, labarin da ke bayanta suke saye, in babu labari babu ciniki. Ta ce in tuna halin da muke ciki bara. Ta lissafa mini yaran da suka koma makaranta, da aikin idon da aka yi wa Inna Zaituna, da matan wankau biyu da suka dawo. Ta ce Turanci ne, kuma mutanenmu ba sa shiga irin wannan shago, wa zai karanta? Na tuna mata lamba ta ɗaya a takardar Malam Surajo, na ce da bakinta ta faɗa, da yatsanta ta dangwala.

"Iyatu, na yi tunani a kan wannan," in ji ta. "Mun yi kuskuren gane tushen ne. Tushen ƙungiyar nan shi ne kada 'ya'yanmu su kwana da yunwa. Dokar tabarma mun yi ta ne saboda masu kyamara da ke ɗauka su tafi su bar mu da taliya. Yanzu kuwa mu ke amfana. Reshe ce, ba tushe ba."

Na ce mata ashe tushe abu ne da ake sake zaɓa bayan an gama ciniki. Na ce in da gaske ta yarda da abin da take faɗa, me ya hana ta kawo shi kan tabarma a gaban mata goma sha tara, ko ta kira ni gefe ta tambaye ni? Me ya kawo maganar wankin hula? Wanda ya san yana kan daidai ba ya cewa rubutun wanki ne. Ta sunkuyar da kai ta ce ta san ba zan yarda ba. Na ce to ai shi ke nan, ta san ba zan yarda ba.

Sannan na yi mata tambayar da ta fi ci mini rai, me ya sa ba nata labarin ta bayar ba.

"Nawa na fara bayarwa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Hajiya ta ce mijin da aka kashe kowa yana da shi. Tana son labarin da bai ƙare ba."

Matar da muka raba zane, wadda ta yi mini kuka ruwa yana dukan kwano, ta zauna a shago mai sanyi ta buɗe cikina tana gwadawa ko zai yi kasuwa. Na sha jin ana cewa an ci amana, ban san haka take da ɗaci ba. Ba ihu na yi ba, ban kuma zage ta ba. Na ɗauki katina daga cikin shinkafarta na fita.

Abu ɗaya ne a kaina, kada maganar nan ta isa kunnen Yahuza daga bakin wani. Na shiga tasi mai kore da fari zuwa Wuse, da zaren ɗinki a maƙale a zanena. Sai da na tambayi mutum uku kafin in gane shagon. Ina tura ƙofar gilashin na ga fuskata, babba, a jikin bango, a saman inda aka jera hulunanmu. Hajiya Nabilah ta taso da murna ta rungume ni, tana ce wa yaran shagonta ga Mama Iyatu da kanta. Yarinya ce ma ashe, ba ta wuce talatin ba, mai fara'a. Da na gaya mata abin da ya kawo ni fara'ar ta ɗauke. Ta buɗe durowa ta ciro takardar nan da muka dangwala, ta nuna mini yatsana, ta ce an gaya mata an karanta mini komai na amince. Na yarda ba ta san an yaudare ni ba. Amma ita ce ta ce mijin da aka kashe kowa yana da shi, don haka ban ji tausayinta ba ko da ta fara share ido.

Ta sa aka tsinke katunan da suka rage a gabana, aka sauke hoton bango. Na tambaye ta guda nawa suka riga suka fita. Ta ce sun haura saba'in, kuma ta sa labarin a shafin shagon na waya, mutane sun yi ta turawa juna. Ta ce za ta goge nata, amma wanda ya riga ya tafi ba ta da iko da shi.

Na fito na tsaya a bakin titi, rana tana tsakiya. Goben da nake ta ɗagawa shekara goma sha ɗaya ta ƙare, sai yau. Ofishin da Yahuza ke gadi bai fi tafiyar minti ashirin daga nan ba. Na taka da ƙafa don in samu lokacin shirya magana. Na shirya ta kuwa, tun daga zazzaɓin har gadon kara. Na ce zan durƙusa a gabansa a bakin get ɗin, kowa ya gani, in ya so ya sake ni a wurin, amma dai daga bakina zai ji.

Tun daga nesa na hango shi a kan bencinsa da kakinsa na aiki. Get ɗin a buɗe yake, wata mota tana ta hon tana son fita, bai ko ɗaga kai ba. A kan gwiwarsa akwai sabuwar hula, ruwan toka da baƙi, aikin hannun Inna Zaituna, na gane ta. Kusa da shi wani mutum ne a tsaye da rigar ofis, yana ta murza hannuwa. Shi ne Oga Simon, babban ofishin, wanda Yahuza ke yawan yabon kirkinsa.

Oga Simon ne ya fara magana, da Hausarsa ta 'yan Abuja. Ya ce Yahuza ya dame su da labarin matarsa mai ɗinkin hula, har ya kwatanta musu shagon, shi ya sa ya je jiya ya sayo ɗaya don ya ba shi kyauta. Da ya karanta katin abin ya taɓa shi. Yana da aboki a wata ƙungiya da ke neman yaran da suka ɓace a rikicin, sai ya kira Yahuza yau ya ce me ya sa bai taɓa gaya masa yana da yaro da ya ɓace ba, ai da an fara nema tuntuni. Yahuza ya ce shi ba shi da yaron da ya ɓace, nasa ya rasu. Shi kuma ya karanta masa katin.

"Madam, sori," ya ce. "Wallahi na ɗauka ya sani." Ya ja da baya ya je ya sallami motar da kansa.

Na durƙusa. Duk maganar da na shirya a hanya babu ko ɗaya da ta zo. Yahuza mutum ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba. Ya dube ni tsawon lokaci, irin kallon da ake yi wa baƙon da ake ƙoƙarin tuna inda aka san shi.

"Da ransa kika bar shi?"

Na ce e.

"Shekara goma sha ɗaya ina roƙa wa yaron nan sauƙin kabari," ya ce. "Duk salla. Da na sani, da ƙafata zan roƙa, ba da baki ba."

Na ce ya yafe mini, tsoro ne. Na fara cewa Rakiya ce ta ci amanata, sai na ji yadda kalmar ta fito daga bakina a gaban mutumin nan, na haɗiye sauran. Bai ce komai a kan Rakiya ba, ba ta dame shi ba. Ya tambaye ni sunan ƙauyen, na gaya masa yadda na ji ana kiransa. Ya tambayi ta wane gefen dutsen yake, da ko akwai rafi kusa, na faɗa iyakar abin da na tuna. Yana ji yana maimaitawa a hankali don ya zauna masa.

"Tsohuwar fa, ya sunanta?"

Na ce ban tambaya ba.

Ya rufe ido, ya buɗe. Ya miƙe ya shiga ɗan ɗakin gadin, ya fito da rigarsa ta gida, ya miƙa wa Oga Simon makullai, ya karɓi lambar abokin nan nasa a 'yar takarda. Hular ya bar ta a kan benci, katin kuwa ya tsinke shi ya sa a aljihu, ya ce akwai sunan yaron a rubuce, zai yi amfani a wurin tambaya. Ya ce in ya yi sauri zai samu motar Maiduguri ta yamma.

Na bi shi har bakin titi ina cewa ya bari in zo, ni na san hanyar, ni na ga wurin. Ya tsayar da tasi, ya buɗe ƙofa, sannan ya juyo.

"Koma gida," ya ce. "An kusa tashin su Sumayya. Kada ta dawo ta tarar babu kowa."